Goron Albishir a Tashar Nyanya

Tun kafin ranar nan da har yau ta ƙi barin raina, da fargaba nake fita aiki. Ni mai raba jarida ce a tashar Nyanya, irin jaridar nan ta kullum da ake bayarwa kyauta. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, saboda haka ba na gane abin da manya suke faɗa a ofis game da kasuwa. Amma wuyana yana ganewa. Lokacin da na fara aikin, sai an kama mini kafin ɗaurin jarida ya hau kaina. Kafin 'yata Hanifa ta fara rarrafe, da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Duk safiyar da na ji ya ƙara sauƙi sai gabana ya faɗi. Maigidana tela ne a Jikwoyi, aikinsa ba ya kankama sai sallah ta matso. Abin da nake samowa shi ne cefanenmu.

Bari in yi wa wanda bai san aikin ba bayani. Bayan asuba motar kamfani take sauke jaridu a bakin tasha. Oga Sunday, mai kula da mu masu rabo, shi yake ba kowacce ɗaurinta da wurin tsayuwarta. Sama da shi akwai Madam, shugabar rabo, tana ofis a cikin gari. Mutum ɗaya jarida ɗaya ake ba shi, kuma ba a ba mai ƙosai ko mai tsire ya yi ƙunshi. Babbar dokar kuwa ita ce kada kuɗi ya taɓa hannunki, ko da mai bayarwa ya rantse sadaka ce. Wadda aka kama, a ranar take ajiye rigar kamfani.

Na daɗe ina mamakin yadda za a buga abu da tsada a bayar a banza. Ladi ce ta warware mini, abokiyar aikina, 'yar Filato, ita ta gama sakandare.

“Maman Hanifa, ba banza ba ne fa,” in ji ta. “Masu talla ne yake biya. Banki ya sa hotonshi, kamfanin waya ya sa nashi. In mutane ba su gani ba, su ma ba su biya.”

Da, jaridun kyauta uku ne a tashar, har rige-rigen tagar bas muke yi. Ɗaya ta mutu. Ɗaya ta koma cikin waya, aka sallami masu rabonta gaba ɗaya. Dalilin kuwa ina tsaye nake kallonsa: ma'aikata a layin bas, kowa kai a sunkuye kan waya, ki miƙa masa ya girgiza kai bai ko ɗago ba. Masu karɓa suka zama tsofaffi da direbobi da masu gadi, sai matasa masu duba shafin neman aiki. Tamu ta rame. Masu talla suka fara turo mutanensu a ɓoye, su ga ko jaridar tana shiga hannun jama'a kamar yadda aka gaya musu. Aka kuma soma raɗe-raɗin za a rage masu rabo, ba wadda ta san ko da ita.

A cikin masu karɓa a hannuna akwai Baba Haladu. Tsohon masinja ne a wata ma'aikata, ya yi ritaya, yana zaman jiran haƙƙinsa kafin ya tattara ya koma garinsu. Kullum yana kan bencin mai shayi. Jaridarmu da Turanci take, shafi ɗaya ne na Hausa, shi yake bi da yatsa. Ni 'yata yake ce mini. Hanifa kuwa, da ke goye a bayana, wasan kaka da jika suke yi.

“Amarya, yau ma ba ki dama mini kunu ba? Zan sake ki fa!”

Ita kuma ta yi ta wutsil-wutsil da ƙafa tana miƙa masa hannu. In ya gama da ita sai ya juyo gare ni: “'Yata, sun sa zancenmu?” Zancen fansho yake nufi. Kullum in ce, “Tukuna, Baba.”

Wata safiya da damina, muna kwance ɗauri, Ladi ta tsaya a wani shafi na Turanci. Ta ce sanarwa ce, ana kiran irin su Baba su je a tantance su don a fara biyansu. Na sa ta maimaita mini. Na zari jarida ɗaya na nufi bencin, ina tsallake taɓo, Hanifa tana girgiza a bayana. Bakina ya riga hankalina.

“Baba, albishirinka!”

“Goro!”

“Fari ko ja?”

“Fari tas!”

Na faɗa masa. Ya ajiye kofin shayi, ya sa aka kira Ladi ta karanta masa da bakinta. Ya yi ta hamdala, yana goge ido da hannun riga. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar kuɗi guda, a nannaɗe. Sai a lokacin na tuna inda nake.

“Baba, an hana mu.”

“An hana ku me? Wa ya ce kuɗin jarida ne? Goronki ne. Ko ba ke kika ce albishir ba?”

Mutanen benci suka sa dariya. Mai shayi ya ce, “Karɓi mana, Maman Hanifa, kar ki bar hannun tsoho a miƙe.” Duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san wanda ya kawo albishir ba ya ƙin goronsa. Na russuna na karɓa. Da na miƙe sai idona ya faɗa kan wani saurayi a gefen rumfa, waya a ɗage. Tun da farko na lura da shi. Bai karɓi jarida ba, bai shiga layin bas ba, kuma takalminsa tsaf duk taɓon da ke tashar.

Washegari ko ɗauri ban taɓa ba Oga Sunday ya tare ni. “Madam ya ce ki zo ofis. Ladi, bi ta, ki juya mata magana.”

Muka hau bas. Ina ta lissafin abin da zan gaya wa maigidana in na koma ba riga.

Madam ta juyo mana da allon kwamfuta. Ga ni nan a bidiyo, ba sauti, jarida a hannun Baba, kuɗi yana shiga nawa. Wallahi ni kaina da na kalla, ciniki na gani. Na ce wa Ladi ta gaya mata goro ne. Ladi ta faɗa da Turanci. Madam ta matso da fuska kusa da allon, ta yi magana tana nuni.

“Ya ce ina goron?” in ji Ladi. “Ya ce shi kuɗi yake gani.”

Na yi bayani, Ladi ta juya, abin ya ƙara cakuɗewa. Madam ta ɗauka cewa nake yi na sayar wa tsohon goro bayan jaridar. Sai ta aika aka kira Malam Bashir, shugaban sashen talla, Bakano ne. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya, ya ce, “Fari kika ce ko ja?” Na ɗan ji sanyi a raina. Ya daɗe yana yi wa Madam bayani. Da ya juyo gare ni, dariyar ta tafi.

“Maman Hanifa, na gane. Da ni ne ma da na karɓa. Amma masu wannan bidiyo su ne manyan masu tallan da suka rage mana. Sun ce sun biya a bayar kyauta, ga shi ana sayarwa. Su ba su san albishir ba, kuma dama hanyar da za su kwashe tallarsu su kai waya suke nema. In sun tafi, ba ke kaɗai za ki ajiye riga ba, har da ni.”

Abu biyu aka ajiye mini. Ko in ajiye rigar a ranar, ko gobe in mayar wa tsohon kuɗinsa a wurin da na karɓa, Oga Sunday ya ɗauka a waya a tura musu.

“Yallaɓai, ana mayar da goro?”

Malam Bashir ya dubi ƙasa. “Ba a mayarwa.”

Na so in riga kowa zuwa tasha in yi wa Baba bayani mu biyu. Ban samu ba. Shi sai gari ya waye sosai yake fitowa, kuma Oga Sunday bai bar gefena ba. Da muka isa benci ya cika. Baba yana ganinmu ya fara, “Amarya, yau kam...” sai ya ga waya a saitin fuskarsa, ya tsaya.

Na durƙusa. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri. Ofis ne suka ce in dawo da shi, in ba haka ba za su kore ni.”

Ya dubi kuɗin, ya dube ni. “Goron ne?”

“Shi ne, Baba.”

Mai shayi ya daina juya cokali. Wani direba ya fara cewa wannan wane irin rashin ta ido ne, Baba ya ɗaga masa hannu. A hankali ya ce, “Na ji, 'yata. Riƙe aikinki. Ajiye nan kan benci.”

Na ajiye. Oga Sunday ya ce, “A'a Baba, ka karɓa da hannu. Kamara bai gani ba.”

Na ɗauka na miƙa. Baba ya buɗe tafin hannunsa ya karɓa. Oga ya duba wayarsa ya yi tsaki, wai wani mai turin baro ya gitta. “A sake.” Tsohon nan ya miƙo mini kuɗin, na sake miƙa masa, a gaban mutanen da yake shan shayi da su kullum. Hanifa tana ta miƙa masa hannu ta saman kafaɗata. Bai dube ta ba. Ba fushi na gani a fuskarsa ba, kunya ce, kuma ni na jawo masa ita da bakina.

Aikina ya tsira. Da aka zo rage masu rabo ba a taɓa ni ba, Malam Bashir ya aiko cewa masu tallan sun gamsu. Baba ya ƙara zuwa benci 'yan kwanaki. In na gaishe shi sai ya ce, “Sannu da aiki,” kamar yadda ake ce wa kowa, jaridar kuma sai in ajiye wa mai shayi ya ɗauka daga can. Ina ta jiran ranar da zan same shi shi kaɗai. Sai wata safiya mai shayi ya ce an tantance shi, ya tafi garinsu.

Abin da na koya, ku da kuka shigo aikin bayana, shi ne wanda kike miƙa wa jarida ba shi kike yi wa aiki ba, ko da shi ne ya san sunan 'yarki. Wanda kike yi wa aiki ba ki taɓa ganinsa ba, kuma abin da waya ta nuna masa kaɗai ya sani. Har yanzu ina tsayawa a Nyanya, jaridar ta daina fitowa ranar Asabar, ban san abin da wata mai zuwa zai kawo ba.

Kai kuma mai karatu, in ka bi ta tasha wata mai goyo ta miƙo maka jarida, don Allah ka ɗago kai ka karɓa. In ka ji daɗin abin da ke ciki, ka sa mata albarka da baki kawai, kada ka sa hannu a aljihu. In kuma ka san wani Baba Haladu, tsohon masinja da ya zauna a Nyanya, ka gaya masa Maman Hanifa tana neman gafararsa.