Mai Faifai a Canal Street

Ga wani saurayi mawaƙi nan tsaye gaban teburin Shamima, maƙwabciyata a kasuwa, wadda nake ta nema tana share ni. Siriri ne kamar rake, gashi a miƙe, da rigar fata duk zafin nan. Ya rungume faifan garmaho mai hotonsa da abokansa, wai sabon kundin waƙoƙinsu. Na rantse har yanzu gidan uwarsa yake kwana.

Yana kunna mata waƙar da suka fara saki a waya, kiɗa kamar injin markaɗe, ita kuwa sai kaɗa kai take. Ya miƙa mata faifan, ya wuce.

Ta juyo gare ni ta ce, "Rashidu, ina ake samun abin kunna wannan?"

Shagon da ake sayar da shi yana nan bayanmu. Na ce, "Ai an daina yinsa tun zamanin kakarki."