Ranar da Uwar Ramatu Ta Kira Sunanta

Akwai wata Alhamis da har gobe ban manta da ita ba, cikin daminar shekarar da aka buɗe sabon masaukin ɗalibai mata. Ni ce mai tsaron ƙofarsa, har yara suka laƙaba mini Iya Mai Ƙofa. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa na yi aka rubuta, don ku da kuka shigo aikin bayanmu ku ji.

Ga yadda tsarin yake. A sama akwai Shugaban Harkokin Ɗalibai. Ƙarƙashinsa akwai jami'ar masauki, a lokacin Malama Hadiza ce. Sai mu na ƙofa. Doka ta ce ɗalibar da ba ta kai sha takwas ba, ba mai fita da ita daga makaranta sai uwa ko uba. Shi ma sai ya faɗi sunan yarinyar da abin da yake gare ta, da bakinsa, a gaban shaidu biyu. An kafa dokar ne bayan wani ya taɓa zuwa ya ce shi kawu ne, ashe ba kawun kowa ba ne. Ni kam ina son dokar, ban kuma taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba.

Da hantsi aka fito da wata 'yar aji ɗaya, Ramatu, 'yar wata ruga a yankin Sule Tankarkar, tana riƙe da ciki tana amai. Na raka su asibitin makaranta. Nas ta danna gefen cikinta na dama, yarinyar ta ƙame. Nas ɗin ta ce afendis ne, wato wani ɗan hanji ne ya kumbura, in ya fashe a ciki to sai dai wani ikon Allah. Dole a kai ta babban asibiti a yi mata tiyata a ranar, kuma can ma ba za su taɓa ta ba sai da yardar iyaye.

Aka buga waya gida. Uban ya yi nisa da shanu, ba a same shi ba. Ranar kuma kasuwar Maigatari ce, motoci duk sun yi can. Sai bayan azahar wani babur ya sauke wata mata siririya, wani kuma ya sauke dattijo da sandarsa, yayan mijinta. Motar asibiti na tsaye, direba ya riga ya tayar.

Malama Hadiza ta ce, "Sannunku da hanya. Baiwar Allah, mece ce ke a wurin yarinyar nan?"

Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar gidanmu ce."

"Yaya sunanta?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

Nan na gane. Ramatu 'yar fari ce, kuma sunan kakarta ta wajen uba ta ci. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle sunan surukarta, balle kuma a gaban yayan miji. Mu Hausawa ma muna yi, amma na mutanen ruga ya fi namu tauri.

Nas ta duƙa ta tambayi yarinyar ko wace ce wannan. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Adda ce." Haka ta tashi tana kiranta, kamar yayarta, don a ɗakin kaka ta girma. Maimakon gyara sai abu ya ƙara dagulewa.

Dattijon ya buga sanda ya ce, "Ni ne baffanta. Ni na yanka ragon sunanta. Ku kawo in dangwala, mu tafi."

Malama ta kira Shugaba a waya, muna ji. Ya ce shi ma ya san al'ada, amma saboda baffa da kawu aka yi dokar, in ya buɗe wa wannan yau, gobe da wane baki zai hana wani? Uwa ta faɗa kawai, magana ɗaya ce.

Malama ta ja ni gefe. Ta ce, "Iya, na san uwarta ce. Dubi goshinsu. Ni ma 'yar fari ce, har mahaifiyata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Amma in na ce na ji abin da ban ji ba, wani abu ya faru a tiyata, me zan ce?"

Ban ga laifinta ba. Na leƙa gadon. Yarinyar da ɗazu take nishi yanzu ta yi shiru, leɓenta ya bushe, zufa ta jiƙa filo. Shirun nan ya fi nishin tayar mini da hankali. Uwar kuwa tana tsaye can bakin taga, ta juya wa gadon baya kamar ba ruwanta. Amma na ga bakin mayafinta, ta murɗe shi a yatsa har yatsan ya yi fari.

Na ce wa dattijon, "Malam, za a sauya wa yarinya kaya. Nan ya zama ɗakin mata, ka jira a gindin darbejiya."

Ya ce, "Ai 'yata ce."

Na ce, "Shi ya sa."

Ya fita yana gunaguni, na sa sakata.

Na je na tsaya kusa da matar na ce, "'Yar nan, ya fita. Faɗi."

Ta ce, "Inna, bakina ba zai iya ba. Tun da na haife ta ban taɓa ba."

Na ce, "To ki ji. In motar nan ba ta tashi ba, gobe a rugarku kowa zai yi ta kiran sunan nan yana cewa Allah ya jiƙanta, kina zaune kina ji. A ranar ma kunya za ta hana ki kuka. Wanne kika zaɓa?"

Magana ce mai zafi, na sani. Ban janye ta ba.

Sai na juya na ce wa Malama da nas, "Doka ta ce shaidu su ji, ba ta ce su kalla ba. Ku fuskanci bango." Suka juya. Ni ma na juya, mu uku muka jeru kamar masu jiran liman.

Ba abin da ake ji sai ƙugin motar a waje. Na fara tunanin na yi a banza. Can sai muka ji takunta zuwa gadon. Ba da mu ta yi magana ba, da yarinyar ta yi, murya ƙasa ƙasa.

"Ramatu. Ni na haife ki. Na yarda su yi miki aikin."

Malama ta ce, "Na ji." Nas ta ce, "Na ji." Da muka waiwayo, yarinyar ta buɗe ido tana kallon uwar, ita kuwa har ta koma bakin taga. Ta dangwala yatsa, aka ɗauke su. Daga baya likitan ya ce da an ƙara jinkiri da ya fashe.

Bayan an girbe gero Ramatu ta dawo karatu. Wata ranar ziyara sai ga uwar a ƙofata da ƙwaryar nono a ka. Na tambaye ta yadda nake tambayar kowa, "Wurin wa kika zo?"

Ta dubi ƙasa ta ce, "Wurin waccan."

Na buɗe mata.

Ku masu tsaron ƙofa, kada ku karya doka don tausayi, ita ke tsare 'ya'yan mutane. Amma wanda ya tsaya gabanku ya kasa magana, ba kullum ne maƙaryaci ba. Ku dubi hannunsa kafin ku yanke hukunci, in kuma da hali, ku juya masa baya ya faɗa.