Binciken Asalin Olena a Riyad

Funtuwa zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin Talata na bar gida da saƙon Yaya Alhaji. Ɗansa Sadik, ma'aikacin jinya a Riyad, ya ga wata Olena 'yar Yukiren, ya ce sai ita. Ni baffansa aka tura binciken asali, kuma abin da na dawo da shi ne zai sa a ɗaura aure ko a fasa. Shinge biyar muka wuce kafin Kano. Jirgi ya tashi sha biyu, muka sauya wani a Jidda.

Ulaisha

A ɗakin Sadik na sauka, a unguwar Ulaisha ta Riyad. Ina gama cin shinkafar kabsa na ce masa, "To, ina iyayenta? Wa zan tambaya, mai unguwa ko maƙwabta?"

"Baffa, garinsu yaƙi ake. Ta ce gobe za ta nuna maka fim."

Fim! Da furfurata na haye teku don kallon fim?

Al-Murabba

Laraba bayan La'asar, minti ashirin a tasi zuwa unguwar da Olena take. Direban, Badamagare, da ya ji abin da ya kawo ni sai da ya doki sitiyari don dariya. Olena ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo wata miya ja kamar zoɓo, ta kunna talabijin. Sadik ne tafinta.

Fim ɗin na ƙauyensu ne, an yi shi don tunawa da mutanen da. Aka nuno rami a ƙarƙashin garken shanu, da tsohon hoton mutum shida.

"Danginki ke nan?"

"A'a, Baffa, Yahudawa ne. Sojojin Jamus ke farautarsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, uwar kakata ta ɓoye su."

"To ke Bayahudiya ce?"

"A'a."

"Biyan ta suka yi?"

"Ko kusa. Da an kama ta, har 'ya'yanta za a harbe."

Kaina ya ɗaure tamau. Sai ga wani tsoho a fim ɗin yana kuka, wai shi ne jaririn cikin ramin, matar ta shayar da shi tare da 'yarta don kada kukansa ya tona asiri. Na zabura. "Tsaya! Ai wannan ɗan'uwan kakarki ne na nono. Ya za ki ce ba dangi ba ne?"

Suka kalli juna, su ma sun rikice. Ni kuwa wallahi tausayi ya kama ni, har na kasa ƙarasa miyar.

Gida

Asabar bayan Azahar na iso Funtuwa lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Ko takalmi ban cire ba Yaya ya ce, "Yaya asalin?"

"Yaya, ban ga uba ba, ban ga mai unguwa ba, ban ma gane inda danginsu suka tsaya ba. Abin da na gani ɗaya ne: ran da gari ya rikice, gidansu ba su rufe ƙofa ba."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ɗago ya ce, "Gobe ka shiga kasuwa, ka tambayo mana goro."