Igiyar da Aka Ɗaure Sifirin

Har in koma ga Allah ba zan manta ƙarar nan ba. Ƙarama ce ƙwarai, "tas… tas", kamar ana tsinke zare, kuma duk garejin ni kaɗai na ji ta.

Shekara biyu ke nan. Ina da cikin fari, wata bakwai. Maigidana zai kai ni Dauran wajen innata, sai ya ce mu fara tsayawa gareji a nan Kaura, don gaban motar ya daɗe yana bugawa in ta faɗa rami. Bakaniken ya duba ya ce shokazoba biyun gaba sun mutu, sifirin ma, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa, sai an sake.

Aka ba ni benci a inuwa. Ƙarfen da ake matse sifirin da shi maƙwabcin garejin ya ara ya tafi Shinkafi, sai bakaniken ya yi dabararsu. Ya sauke nauyin motar a kan sabon sifirin har ya takure, ya ɗaure shi da igiyar roba, ya ajiye a ƙasa, bakin sifirin yana kallona.

Maigidana ya ce, "Malam, igiyag ga tana riƙewa kuwa?"

Ya yi dariya. "Haba Alhaji! Tun kana firamare nike wanga aiki."

Suka koma ƙarƙashin mota suna hira. Ni kuwa ina ganin silin igiyar yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe baki, na rufe. Maza sun kai shida a wurin, cikinsu har da abokin babana. Ta yaya zan ɗaga murya in gyara wa dattijo aikinsa? Ko tashi na kasa yi, kada a ce na cika tsoro.

Ban ga tashin sifirin ba. Na dai ji ya daki bencin ya gogi cinyata, sai ga ni a ƙasa a kan gefen cikina. Bakaniken yana ta salati, maigidana yana cewa, "Mi ya same ki? Yi magana mana!"

Ba ciwon ne ya dame ni ba. Ɗan da ke shurina a ciki tun safe ya yi tsit.

A Keke Napep aka kai ni asibiti. Na kwanta ina kallon silin, hannuna a ciki, ina jiran motsi ko ɗaya. Ana kiran la'asar wata ma'aikaciya ta ɗora na'ura a cikina, ta daɗe tana lalube, sannan ta ɗaga kai.

"Kin ji bugun zuciyarsa? Lafiyarsa lau, ke ma haka. Barci ya yi, ɗan nema."

Sai a lokacin na yi kuka.

An raine mu da kunya, kuma ban raina ta ba. Amma ranar na gane in ka ga abin da zai cuci rai, faɗa ake yi da ƙarfi, ko a gaban wa.