Giginyar Marka

A wata tunga ta bakin gulbi, kusa da Maradun, aka haifi Bube Maifito, kuma tun yana ɗan shekara goma mahaifinsa ya damƙa masa gorar tura jirgi. Shekara arba'in yana fiton masu zuwa kasuwar Talata Mafara, da awakinsu da buhunan gero. Mutum ne mara yawan magana. Matarsa Marka ce mai maganar gidan, har mutane kan ce ita ke yi masa tasa.

Marka ta rasu ana saura damina ɗaya a tare ruwan gulbin da dam ɗin Bakolori. Aka binne ta a maƙabartar tungar, gindin wata doguwar giginya. Da ruwa ya zo, ya ci gidaje da gonaki da maƙabartar, aka kwashe mutane zuwa tudu. Kan giginyar nan kaɗai ya rage a sama, ganyen ya bushe ya zube, sai baƙin kututture tsaye tsakiyar tabki. Gora ta daina taɓa ƙasa, dole Bube ya koyi tuƙi da filafili da furfurarsa. Kowace Juma'a yakan tuƙa zuwa wurin, ya tuɓe takalmansa a cikin jirgi, ya dafa kututturen, ya yi mata addu'a.

Wata rana Hashimu, ɗan wani tsohon abokinsa da ke aiki da masu kula da tabkin, ya same shi yana toshe ɓarakar jirgi. Bayan sun gaisa, ya ce za a yi tseren jirage nan da wata guda, har da baƙi daga ƙasashen waje, kuma ana son wanda ya san ruwan ya kafa tutoci.

"Baba, kai ne ka san shi."

"Na san na da," in ji Bube. Amma ya karɓa.

Ranar gwaji aka sauke wani jirgi daga mota, siriri kamar kara, dogo kamar an haɗa uku. Turawa huɗu suka shiga suka zauna. Da suka fara tuƙi sai Bube ya miƙe tsaye cikin nasa jirgin.

"Hashimu! Kira su, sun zauna a juye!"

Hashimu ya yi dariya. "Haka tuƙinsu yake, Baba."

"Da baya? Mutum ya ba inda za shi ƙeya? To wa ka gani musu?"

"Ba kowa. Shi ya sa ake son hanyar a miƙe, ba komi cikinta."

Bube ya bi layin tutocin da ya kafa da ido. Sai a lokacin ya lura sun miƙe sak zuwa giginyar. Hashimu ya daina dariya, ya sunkuyar da kai, ya ce ai an riga an yi magana, kututturen nan sare shi za a yi.

"Mi kac ce?"

"Za ya fasa musu jirgi, Baba."

"Innarka Marka na ƙarƙashinta. In an sare, da mi zan gane wurin? Ruwa duk iri ɗaya ne."

Hashimu ya rantse zai gaya wa manya. Ya kuwa faɗa, amma maganar ba ta kai ga masu zarto ba. Washegari da hantsi Bube ya tuƙo, ya duba gabas ya duba yamma, bai ga komai ba sai ruwa shimfiɗe. Filafilin ya kuɓuce daga hannunsa. Ya daɗe zaune yana salati, kamar yau aka yi rasuwar.

Sai ya jawo tsohuwar gorarsa, wadda bai taɓa fitarwa daga jirgin ba. Ya daidaita dutsen da ke bayan tsohuwar tungar da bangon dam, ya fara zura gora yana lalube. Azahar ta wuce bai samu ba. Gab da la'asar gorar ta bugi abu mai tauri, kamu biyu ƙarƙashin ruwa. Ya tuɓe riga ya nutsa, ya ɗaure igiya a kututturen, ya ɗaure jirginsa a igiyar.

Da 'yan gwaji suka dawo da safe, suka tarar da tsoho zaune tsakiyar hanyarsu, takalmansa ajiye gefe. Aka turo Hashimu.

"Don Allah, Baba, ka tashi."

"Sun ce icce ba ya kaucewa, sun sare. To ni ma ba ni kaucewa. Su kawo zarton."

Kwana uku yana zuwa da asuba, ba ya komawa sai rana ta faɗi. A na huɗu babban Baturen masu tseren ya zo da kansa, Hashimu ya fassara masa zancen kabarin Marka. Mutumin ya cire hularsa, ya dubi ruwan. Kafin azahar aka ba da umarni a matsar da tutoci taku talatin yamma, kuma Bube aka sa ya matsar da su. Guda ɗaya ja ya rage, ya ɗaure ta a igiyarsa.

Tun daga nan mutanen tudu suka daina ce masa Maifito, suka koma Bube Giginya. Bai taɓa cewa su bari ba.