Hannun Mai Jego Ba Ya Auna Ruwa

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a yankin Madachi, karatuna bai yi nisa ba, a yi mini uzuri idan rubutun ya karkace. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da yin arba'in ɗin haihuwata ta biyu ba. Ɗana na fari bai kai yaye ba ya koma, shi ya sa da Allah ya ba ni wannan yarinyar na zama ba ni da sukuni. Ina cikin tuƙa tuwo sai in ajiye muciya in je in kara yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi. Sai ga wasu ƙananan ƙuraje jajaye sun fito mata a ƙafafu. Surukata ta duba ta ce zafi ne kawai, in rage mata kaya. Ni dai raina bai kwanta ba.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa. Ita ta ba ni labarin wani ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, can gaba da Rurum a bakin dam, wai masu ƙaiƙayi da masu sanyin ƙashi suna zuwa. Ta ce ita ma za ta kai gwiwoyinta. Maigida ya tafi cin rani, ni kuma ina yawon arba'in, ga 'yan uwa a Rurum. Sai na haɗa biyu, na ce wa surukata gaisuwa za ni.

Ɗan acaba ya sauke mu inda hanya ta ƙare, muka kama wata 'yar siririyar turba da ke bin gefen ruwa. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba. Masunta sun shanya raga a kan duwatsu, iska tana kawo ƙarnin kifi, sawun shanu ya bushe a taɓo yana ta neman gurɗa mini ƙafa. Dattijuwar nan da ciwon gwiwar tata ta fi ni sauri. Tana ta tsokanata wai ina tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, in haka 'yan matan yanzu suke gara a aura wa mazanmu tsofaffi irinta. Na yi dariya, amma hannuna yana baya yana taɓa goyona.

Da muka isa, na ga ruwan yana fitowa tsakanin duwatsu da ɗan tururi, yana wari kamar ɓataccen ƙwai, sannan ya gangara ya shiga dam. Dattijuwa ta sauka can ƙasa inda ruwan biyu suke haɗuwa, ta naɗe zani ta miƙe ƙafafu. Ni kuma sai na ce a raina ai maganin zai fi ƙarfi a inda yake fitowa. Na hau sama ni kaɗai, na tsoma hannu, na ji ɗumi ne mai daɗi. Abin da ban tuna ba shi ne, wannan hannun ya yi arba'in yana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwan wankan jego, safe da yamma, har na daina jin zafinsa. Na kwance goyo, na yi bismillah, na tsoma ƙafafunta.

Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji. Na fizgo ta, ƙafafun sun yi jajur. Na tsaya riƙe da ita ina salati, kaina ya ɗaure. Wata Bafillatana da ke wanke ƙoren nono a gefe ce ta rugo, ta karɓe ta daga hannuna ba ko sallama, ta shiga dam har gwiwa ta riƙe ƙafafun a cikin ruwan sanyi. Ta daɗe a haka. Dattijuwa ta ce ko a shafa man shanu, Bafillatanar ta ce a'a, kada a shafa komai, asibiti za mu. Ta tambaye ni ko ba wanda ya gaya mini a can saman yaransu suke fige zabi saboda zafin ruwan. Sai ta kama hannuna ta juya shi, ta ce jego nake ko. Na ce e. Ta girgiza kai ta ce Allah sarki, ai mai jego ba ta auna wa jariri ruwa.

Dawowar ce ba zan manta ba. Ba dama in goya ta, don zani zai goge ƙafafun da suka fara tasowa. A hannu na rungumo ta duk tsawon turbar nan, rana tana dukanmu, dattijuwa tana biye tana kare ta da mayafinta, babu sauran tsokana. Can sai yarinyar ta yi shiru. Wallahi shirun ya fi kukan tayar mini da hankali, na dinga girgiza ta har ta sake tsanyarawa, ni kuma ina hamdala.

A asibiti a Rano suka wanke suka ɗaure. Ma'aikaciyar ta ce ruwan sanyin nan ya taimaka ƙwarai, ƙurajen kuwa na zafi ne. Surukata da ta zo ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna kusa da ni ta ce in ci abinci, nono yarinya za ta nema in ta farka.

Yau tana gudu da ƙafafunta, sai dai akwai tabo a ta hagun. Na gane cewa tsoro ma yana iya tura uwa ta cutar da abin da take karewa. Don haka ina roƙon duk mai jego, ko a gida ne ba a bakin dam ba, kada ki yarda da hannunki. Ki kira wata ta taɓa miki ruwan kafin ki sa jaririnki a ciki. Wadda ta karanta kuma, don Allah ta gaya wa wadda ba ta iya karatu ba.