Dutsen da Liman ya riƙe wa kamfani

Duk shekarun da na yi ina tuƙa masu neman ma'adini, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da dutsenmu ya koma hannun Liman. Ku da kuke jan mota yanzu ku saurara.

Ni Ɗanjuma shofar ne, aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, malamin ya gaji da ni. Shugabata Madam Asiba ce, injiniyar duwatsu. Mukan hau arewa can tsaunukan Atakora, inda wasu korayen duwatsu suka bi layi, masu santsi kamar sabulu. Madam ta ce asalinsu ƙasan teku ne, tun fil azal ƙasa ta tunkuɗo su sama. Na ce to, don ba ni ke biyanta ba. Abin da take nema baƙaƙen ɗigo ne a jikinsu, kuromit, wanda ake haɗa ƙarfe da shi don kada ya yi tsatsa.

Ga yadda aikin yake. Ta fasa dutse da guduma, ta lashe shi da harshe don ɗigon ya fito, ta rubuta masa lamba da jan fenti, ni kuma in ɗauka. Macen da ta yi karatu har Turai tana lasar dutse, ni jahili ina kallo. Doka ɗaya ce: shofar da ya ɓatar da dutse mai lamba ya ajiye makulli.

Da muka dawo Kutonu muka tarar ruwan sama ya cika siton biro, wato ofishinmu, sai ta ce in ajiye buhunan a zaurena na Zango. Akwai babba guda da bai sami wuri a buhu ba, kuma shi ne ɗan gatanta, duk tafiyar babu mai ɗigonsa. Ranar da za a kai kayan labo, ɗakin gwaji, na duba, babu shi.

Na tambayi matata Ladidi. Ko ɗagowa ba ta yi daga turmi ba ta ce ai ta aika wa Liman na masallacin unguwarmu. An yi masa aiki a hannu, likita ya hana shi taɓa ruwa, dutsen taimamar masallaci kuwa kaushi gare shi. Kuma da sunana ta aika.

"Har addu'a ya yi maka bayan asuba," in ji ta. "Da ka je da ka ji."

Kun san Zango. A ce ka yi wa Liman kyauta ka koma karɓa, kafin azahar labarin ya kai kasuwar Misebo. Idan ban karɓo ba kuma, makulli. Na yi tunanin samo wani dutse in shafa masa fenti, amma Kutonu yashi ce zalla, ko na jifan kare sai ka saya. Dole na je na faɗa wa Madam. Sai ta ari mayafin sakatariya ta ce in kai ta.

Muka sami Liman a ƙofar gida, dutsen na kan buzu kusa da shi. Na durƙusa na fara kewaye-kewaye, ya tare ni, ya ce tun da ya ga jan rubutu ya san wannan kyauta ta fi ƙarfina. Madam ta ɗauki dutsen, na ga ta nufi baki da shi, na yi tari mai ƙarfi. Ta sauke, ta roƙi buta. Da ta jiƙa shi ɗigon ya fito, ta yi bayani ina fassarawa. Da na zo kan maganar ƙasan teku, Liman ya ce tun da ya zo Kutonu yake ganin teku, bai taɓa ganin ta hau tsauni ba, amma Allah mai iko ne. Sai ya tambaya me za a yi wa dutsen a labo. Ta ce niƙe shi za a yi.

"Wannan za ku daka?" ya ce. "Ɗanjuma, gaya mata a bar min shi in warke tukuna."

Ashe a aikinsu dama ba a niƙe dutse duka. Sai an yanka biyu da zarto, rabi labo, rabi a ajiye shaida, ko wani ya yi musu nan gaba. Madam ta ce doka ba ta faɗi inda shaida zai zauna ba, muddin lambarsa na jiki. Aka yanka, aka kawo wa Liman rabin mai lamba. Gefen da zarto ya bi ya fi da santsi, har ya ƙara min addu'a, wannan karon ina wurin.

Abin da na koya, masu duwatsu ba mahaukata ba ne kamar yadda na zata, doka ce ke gare su, kuma idan ka faɗa musu gaskiya da wuri sai su nemo maka ƙofa a cikinta. Sakamakon labo ya ce kuromit ɗin bai kai a haƙa rami ba. Kamfani ya naɗe kaya, ni na ci gaba da tuƙi har ritaya. Duk duwatsun da na karya baya na ɗauko daga arewa, guda ɗaya ne ya sami aiki, yana nan a sahun gaba na masallaci da jan lambarsa.